Kyamarar da Ba Ta Buƙatar Fim

Ko da yake tun a 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamarar dijital ta farko, sai bayan shekarar 2000 ƙanananta masu rahusa suka iso hannun masu hoto a garuruwa irin su Malumfashi. Waɗanda suka mallake ta sun shaida fa'idarta, domin a wurin biki mai hoto yakan nuna wa ango surarsa nan take, ya goge wadda ba ta yi kyau ba, babu asarar fim, babu jiran wanki. Amma aibinta bai ɓoyu ba: tana shan batir ƙwarai, katinta yakan cika da wuri, hoton dare kuma yakan fito dishi-dishi. Daga bisani wayoyin hannu suka gaje aikinta.