Uwar 'Ya'ya Tana Son Koyon Kitso Da Ƙunshi: Ina Za Ta Nufa?

Bayan an gama kaka, an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, mata da yawa a ƙauyukan Gaya da Ajingi su kan sami hannunsu a sake tun daga Nuwamba har saukar ruwan shuka. A daidai wannan lokaci ne kuma bukukuwan aure su ke yawaita, gama manomi ya sami abin hannu. Amarya kuwa ba ta fita sai da kitso da ƙunshi, yanzu ma har da dilka. Kuɗin wannan aiki ya kan tafi Wudil ko Kano ko Dutse, domin can ne gwanaye su ke. Shi ya sa a taron ƙungiyoyinmu na gama kai a kan ji mace mai shekara 35 ko 40 ta nemi rance domin ta koyi sana'ar gyaran jiki. Kafin ma'aji ya buɗe akwati, ya kamata ita da ƙungiya su san inda za ta koya.

Wuri na fari shi ne gidan makitsiya ko mai ƙunshi ta kusa, watau a cikin garin Gaya ko Ajingi, ko Wudil in an matsa. Mutane su kan raina wannan hanya, amma ga matar aure ita ce ta fi sauƙin ɗorewa. Za ta kwana a ɗakinta, ta sallami yara, ta je ta dawo kafin tuwon dare. Za ta kuma koya a kan irin kawunan da za ta riƙa kamawa nan gaba, da irin kuɗin da matan ƙauye su ke iya biya. Sai dai gwana ɗaya ba ta wuce abin da ta sani. Wadda ta iya shuku da kalaba ba dole ne ta iya zanen lalle ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. A al'adar koyon sana'a, 'yar koyo ita ce mai shara da wanke mataji da zuwa aike. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta damu ba. Uwar 'ya'ya biyar kuwa, wadda mai koya mata ba ta wuce sa'ar 'yarta ta fari ba, abin ya kan yi mata nauyi, sai a ga ta daina zuwa bayan mako uku, kuɗi kuma ya riga ya shiga hannu. Maganin wannan shi ne a yi magana tun da fari a gaban shaidu biyu, a rubuta: wata nawa ne, nawa za a biya, me za a koya, kuma ran da za ta fara kama kan mutum da hannunta. A biya kuɗin kashi biyu ko uku, kada a zube shi duka ran farko.

Wuri na biyu shi ne shagunan gyaran jiki na birnin Kano. A nan ne a ke samun dilka da halawa da turaren jiki, sana'ar da ta zo mana daga Sudan ta hannun matan Barno. Halawa sukari ce da lemun tsami da ruwa a ke dafawa domin cire gashin jiki, dilka kuwa curi ne na gari da mai da kayan ƙamshi da a ke murza fata da shi. Aikin amare ya fi kitso kawo kuɗi, ba shakka. Amma a yi lissafi. Daga Gaya zuwa Kano ya haura kilomita 60. Koyon wata 6, kwana 5 a mako, ya kama kwana 130, kowace rana da kuɗin mota na zuwa da dawowa. Wannan zai iya fin kuɗin koyon kansa. Wadda ta ke da 'yar'uwa a birni da za ta sauka wurinta, mai gida kuma ya yarda, ga mai riƙe yara, to, ita ce hanyar ta buɗe wa. A kuma tabbata za a gama kafin watan Yuni, domin gona ba ta jiran kowa.

Wani abin lura: rabin abin da a ke koyarwa a manyan shaguna yana bukatar wutar lantarki da ruwan famfo da injin busar da gashi. Mace ta koyi wannan ta dawo ƙauyen da wuta ba ta zama, ta yi asarar watanninta. Ta zaɓi abin da tabarma da kujera 'yar tsuguno da rijiya za su ɗauka.

Wuri na uku na gwamnati ne. Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, wadda a ke kira NDE, an kafa ta a 1986, tana kuma da ofis a Kano. Tsarinta shi ne ta ɗauki masu neman sana'a ta ajiye su wurin gwanaye, gyaran gashi kuwa yana cikin sana'o'in. Ba kullum a ke ɗauka ba, saboda haka sakataren ƙungiya ya riƙa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma yana tambaya. Akwai kuma Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, mai azuzuwan yaƙi da jahilci da cibiyoyin mata. Wadda ba ta yi boko ba ta fara daga nan, gama mai wannan sana'a dole ta iya karanta abin da ke jikin kwalba, ta kuma rubuta bashi. Maganar takarda kuwa, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana gwajin sana'a, hukumar NABTEB ma tana shirya jarrabawa. Takarda tana da amfani ga mai neman aiki a shagon wani ko mai son koyarwa. Uwar amarya a Ajingi ba takarda za ta tambaya ba, hannun amaryar bara za ta duba.

Ko wane wuri aka zaɓa, a je a zauna wuni guda a zuba ido kafin a biya ko kwabo. Shin ana wanke mataji da tsinken kitso bayan kowane kai? Ƙwarƙwata da makero ta nan su ke yaɗuwa. Reza ɗaya a ke yi wa mutum biyu amfani da ita? Ciwon hanta yana bin jini, ko da ɗigon da ido ba ya gani ne. Ana jan gashi har goshi ya yi ƙuraje? Kitso mai tsanani shi ke cinye gashin gaba, wani ba ya sāke tsirowa.

A duba lallen da kyau. Lallen gargajiya, wanda wasunmu su ke da shi a bakin shinge, ja ya ke kamawa, sai an jira shi sa'o'i. Baƙin da ke kamawa nan da nan sau da yawa rinin gashi ne aka zuba, mai sinadarin da a ke kira PPD, wanda kan sa fatar wasu ta yi bororo kamar ƙuna, ta bar tabo. Malama ta ƙwarai za ta koya miki ki gwada kaɗan a hannu kwana biyu kafin biki, kuma ba za ta yi wa jariri ƙunshi ba, domin ko jan lalle ya kan fasa jinin wasu jarirai.

Babban haɗari shi ne haɗa man bilicin. Wasu shaguna da wannan su ke cin kasuwa, shi ne kuma "sirrin" da za su ce za su sayar wa 'yar koyo da tsada. Hukumar NAFDAC ta hana sa sinadarin makuri a kayan shafa, a 2023 kuma ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Makuri yana lalata ƙoda. Mayukan asibiti masu ƙarfi da a ke cakuɗawa a ciki su kan sa fata ta yi siriri, miki ya ƙi warkewa. Duk shagon da aka ga robobi ba suna ba lamba, a juya. A birni mai shago ta kan canja unguwa in ta ɓata fuskar wata. A ƙauye kuwa mai aikin da wadda aka ɓata a rijiya ɗaya su ke ɗiban ruwa.

Shekaru ba su hana koyo, har ma suna da ribarsu. Iyaye sun fi sakin jiki su damƙa amarya a hannun babbar mace, ita ce kuma ke shiga gidajen kulle ba wanda zai yi tsegumi. Ido da baya ne abin kula: zanen lalle na zamani siriri ne ƙwarai, wadda ta fara nisanta allura kafin ta zura zare ta je a gwada mata tabarau tukuna.

Ga ƙungiyar da za ta ba da rance, kada a tura mata uku daga ƙauye ɗaya su koyi abu ɗaya. Ɗaya ta koyi kitso, ɗaya ƙunshi da dilka, su riƙa karɓar biki tare. A ware kashi ɗaya na rancen domin kayan fara aiki, a kuma sa lokacin biya ya faɗo bayan kaka da Kirsimeti da Salla biyu, sa'ad da aiki ya ke samuwa. Lalle kuma ba sai an saya ba. Itacen yana jure fari, yana kamawa in an dasa reshe da damina, 'yan ƙungiya za su iya kewaye lambu da shi su riƙa shanya ganyen a inuwa.