Kunnen makaɗi: da shi ake haihuwa, ko koyo ake yi?

Yau zancen kiɗa za mu yi. Kada wani ya ce wannan sha'anin maroƙa ne, ba ruwansa. Ku dakata tukuna.

Ku tuna mata uku a bakin turmi suna lugude. Taɓarya uku, turmi guda. Wannan ta ɗaga, waccan ta sauke, ta uku na tafe. Wata ma sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, bugunta bai ɓaci ba. Ba wanda ke ƙirga musu. Ba agogo a gabansu. To, me ke gaya wa kowace lokacin da za ta sauke tata?

Mutane da dama kan ce baiwa ce, ko gadon gida. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba.

A shekarar 2009, masu bincike a ƙasar Hungari, can Turai, sun gwada jarirai ƴan kwana 2 zuwa 3. Sun manna musu ƴan wayoyi a fatar kai, masu nuna motsin ƙwaƙwalwa. Suka sa musu kiɗan ganga suna barci. Jefi-jefi sai a tsallake babban bugu, wanda kiɗan ke farawa da shi. Nan take ƙwaƙwalwar jariri ta nuna ta ji giɓin. Ashe ɗan kwana 2 ma yana jiran bugu a inda ya kamata ya faɗo. Wannan kam ba na gidan makaɗa ba ne kaɗai. Na ɗan Adam ne.

Amma iri daban, girbi daban. A 2005, a ƙasar Kanada, an sa wa yara ƴan wata 7 wani kiɗa wanda bugunsa duk ƙarfi ɗaya ne. Wasu ana jijjiga su a kowane bugu na biyu, wasu a kowane bugu na uku. Daga baya aka sa musu kiɗa iri biyu: mai tafiya biyu-biyu, da mai tafiya uku-uku. Kowane yaro ya fi kasa kunne ga irin wanda aka jijjiga shi da shi. Waɗanda suka kalli wani yana jijjiga, su ba a motsa su ba, ba su nuna zaɓi ba. Wato kallo bai isa ba. Sai jiki ya motsa, sannan kunne ya ɗauka.

Ni da na ji wannan, goyo ne ya faɗo mini a rai. Yaron da ke bayan uwarsa tana daka, tana tankaɗe, tana tafiya rijiya, a ganina ya shiga makaranta tun bai yi haƙori ba.

Yanzu mu leƙa gidan makaɗa. Ba a fara ba yaro babbar ganga. Ƙarama ake rataya masa, irin su kazagi ko kuntukuru. Aikinsa guda ne: ya riƙe bugu iri ɗaya, kada ya yi sauri, kada ya ja baya. Uban kuwa yana can da kalangu a hammata, yana matsa tsarkiya yana saki, yana sa ganga magana. Ya yi nan, ya yi can, ya dawo. In yaro ya bi uban da kunne, sai nasa ya kuɓuce. In ya toshe kunne, sai su rabu. Dole ya ji na wani, ya kuma riƙe nasa. Wannan shi ne mai wuyar. Shekaru ake yi ana koyonsa, a biki, a kasuwa, a gayya, a filin kokowa.

Me wannan horo ke canzawa? Masana sun daɗe suna aunawa. Sai a sa na'ura mai ƙara a daidai, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a ce mutum ya bi ta da ɗan yatsa a kan tebur. Abin mamaki, yawancin mutane ba makara suke yi ba. Riga ƙarar suke yi, da ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ba su san sun riga ta ba. Dalili, hannu ba ya jira sai kunne ya ji. Wanda ya jira ya ji, ya riga ya makara. Ƙwaƙwalwa ce ke hasashen bugu mai zuwa, ta aika hannu ya tarye shi. To, wanda ya yi horon kiɗa, tazarar nan tasa ta fi ƙanƙanta. Bugunsa kuma ba ya yawo, wannan kusa, wancan nesa. Masu ganga sukan fi sauran makaɗa a wannan gwaji. In na'ura ta ƙara sauri kaɗan, su ne ke fara ji, su gyara.

Sai dai kowane kunne da gidansu. A 2018 an gwada makaɗa na Mali, da na Bulgariya, da na Jamus. Kiɗa mai sauƙi, duk sun bi shi. Amma da aka zo ga mai ɗingishi, wani bugu dogo wani ɗan gajere, sai aka ga bambanci. Abin da ke cikin kiɗan garinku, shi hannunka ya fi kamawa.

Ina ruwan mai koyon karatu da wannan? Ku ji. Magana ma tana da nata bugun. Ku faɗi gari, inda mutane ke zaune. Ku faɗi gari, na tuwo. A takarda iri ɗaya ne. A baki kuwa, gaɓar farko ta ɗaya gajera ce, ta ɗayan doguwa. Haka fara, ta launi, da fara mai cin hatsi. Ga kuma mana da manna: a nan baƙi ne aka daɗe a kansa, shi ya sa ake rubuta shi biyu. Mai karatu yana auna tsawon sauti kamar yadda mai kazagi ke auna tazarar bugu.

A ƙasar Italiya, a 2015, an ɗauki yara ƴan shekara 8 zuwa 11 masu shan wahalar karatu. Wasu aka koya musu kiɗa, wasu zane, wajen wata 7. Ƴan kiɗa sun fi ci gaba wajen rarrabe sautin kalma, kuskurensu a karatu ya ragu. Amma kada a ɗauke ni da nisa. Ganga ba ta koya wa kowa baƙi da wasali. Kunne take wasawa. Alli da allo suna nan da aikinsu.

Wanda ya ce shi ya tsufa, ya gwada wannan a aji gobe. Malami ya rubuta Ma-ra-ɗi, Da-ma-ga-ram, Ta-wa. Kowa ya tafa hannu sau ɗaya a kowace gaɓa. Maraɗi tafi uku, Damagaram huɗu, Tawa biyu. Sannan kowa ya tafa sunansa, da sunan ƙauyensu, na kusa da shi ya ƙirga. In an saba, a raba aji biyu: waɗannan su riƙe tafi ɗaya ba canji, waɗancan su karanta layi a kansa. Masu lugude su fara, maza su biyo baya.