Kafin ku sayi amfilifaya: Lambar da ke jikin kwali ba ita ce murya ba

Masu iya magana kan ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wannan karin magana ya dace da cinikin kayan sauti a Tunuga, garin da ke gundumar Gaya a Jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar, inda ƙasashe uku suka kusa haɗa kafaɗa. Daga nan Kamba ta Jihar Kebbi ba ta da nisa, haka ma Malanbil ta ƙasar Benin da ke hayin Kogin Kwara daura da Gaya, garin Dole kuwa iyaka ce ta raba shi tsakanin Nijar da Nijeriya. Don haka kayan lantarki kan iso wa mutanen yankin ta hanya fiye da ɗaya, wasu daga kasuwar Alaba ta Legas, wasu daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Da zarar an kwashi adashi ko an sayar da shinkafa, magidanci ko uwargida kan so su ƙara wa rediyon ɗaki ƙarfi, domin jin karatu da wa'azi da labarai, ko waƙoƙin biki. Abin da aka fi tunanin saye shi ne amfilifaya, wato akwatin nan da ke karɓar ƙaramar murya daga waya ko rediyo ya ƙara mata ƙarfi kafin ya tura wa sifika. Sai dai kuma da yawa kan biya kuɗi mai tsoka su dawo gida su tarar murya ba ta canza ba, ko kuma sifikar da suke lallaɓawa ta ƙone. Kayan da aka sayo a hayin iyaka kuwa, mayar da shi sai ya ci kuɗin mota da ya kusa kuɗinsa.

Mudu biyu a kasuwa ɗaya

Duk mai awon hatsi ta san akwai mudun gaskiya, akwai kuma wanda aka buga wa gindi. Haka abin yake a awon ƙarfin amfilifaya, wanda ake lissafawa da wat. Idan kuka duba kwali za ku ga an rubuta lamba da manyan baƙaƙe, kamar 2000W ko 5000W, a gefenta kuma an sa PMPO. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Mudun gaskiya shi ne wanda aka rubuta wa RMS, domin shi ke nuna ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a jere ba tare da murya ta lalace ba. Ba abin mamaki ba ne a ga akwatin da aka rubuta wa dubu biyu a gaba, a bayansa kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta wat 20 ko 30.

Wannan ruɗi ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa duk mai tallar amfilifayar gida dole ya faɗi ƙarfinta na gaskiya da take iya riƙewa a jere. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu na kan iyaka ba su ƙarƙashin wannan doka, saboda haka mai saye ne zai yi wa kansa awo.

Awon kuwa ba shi da wuya. Na'ura ba ta iya bayar da abin da ya fi wanda ta ci. Ku juya bayanta ku duba yawan wutar da aka rubuta tana sha. Idan tana shan wat 60, ba ta yadda za a yi ta fitar da wat 2000. Idan kuma irin wadda ke aiki da batir ce mai lamba 12V, ku ce mai shago ya nuna muku fiyus ɗinta. In an rubuta 10A a jikinsa, ku ninka 10 sau 12, zai ba ku 120. To, iyakar abin da za ta iya ci ke nan kafin fiyus ya tsinke, abin da zai isa ga sifika kuma bai kai haka ba.

Ninka wat ba ninka murya ba ne

Wani abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne, kunnen ɗan'adam ba ya lissafi irin na kasuwa. Wanda ya bar amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai wat 100 zai ji ƙari ne ɗan kaɗan, abin da masana ke aunawa da desibel 3 kacal. Kafin kunne ya ji kamar murya ta ninka, sai an ninka ƙarfin wajen sau 10. Ke nan mai wat 50 da ke son ninki sai ya nemi wat 500, tare da sifikun da za su iya ɗauka da wutar da za ta ciyar da su. Ɗakin kwana ko falo ko rumfar kasuwa kuwa, wat 20 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun wadatar.

Sau da yawa ma matsalar ba daga amfilifaya take ba. Idan takardar sifika ta yage, ko akwatinta ya tsage yana zubar da iska, ko an cusa ta bayan kwalla da kwanuka suna amsa kuwwa, to ko wace irin amfilifaya aka kawo muryar ba za ta gyaru ba. Haka nan idan waƙar da aka tura a memori tun asali a dishe take, amfilifaya dishewar za ta ƙara wa ƙarfi. Kafin ku fitar da ko dala, ku ɗaga sifikun daga ƙasa zuwa daidai kunnen mai zama, ku raba su dama da hagu, ku gwada da wata wayar. Wani lokaci sauya sifika ya fi sauya amfilifaya riba, domin sifika mai kyau kan ba da murya ɗaya da rabin wutar da wata ke bukata.

A haɗa ƙwarya da abokiyar burminta

A bayan kowace sifika ta kirki akwai lamba 4 ko 6 ko 8, tare da wata alama mai kama da kofaton doki. Wannan shi ake kira om, wato yadda sifika ke tare wuta. A bayan amfilifaya ma ana rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka. Idan an rubuta 8 kuka jona mata mai 4, za ta riƙa jan wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, daga bisani ta mutu. Nan ne masu son tara sifiku ke faɗawa rami: sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa wayoyinsu a baki ɗaya sun koma om 4, guda huɗu kuwa sun koma om 2, kuma amfilifayar gida kaɗan ce ke jure wannan.

Bugu da ƙari, ƙaramar amfilifaya ma tana ƙona sifika. Idan aka murɗa ta har ƙarshe, murya ta fara ƙarar fasasshen kwano, wannan gurɓatacciyar wuta ce ke kashe 'yar ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririyar murya, wadda masu gyara ke kira tuwita. Da kun ji murya ta fara karcewa, ku rage.

A lura kuma, amfilifayar da ake jona wa lasifikar ƙaho ta masallaci ko ta masu tallar magani an yi ta ne don magana ta yi nisa. Ba za ta ba da daɗin sauti a cikin ɗaki ba, komai girmanta.

Wace wuta gare ku?

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a ba su labarin rashin wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke lantarkin da take sayar wa Nijar a watan Agusta, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. A lokacin ne kuma aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil, har mutane da kaya suka koma tsallakawa a kwalekwale. Gidaje da dama, musamman a ƙauyuka, sola da batir suka dogara da su.

Ga mai batir, irin amfilifayar da aka rubuta wa Class D ta fi dacewa. Ƙarama ce, ba ta da nauyi, kuma wajen kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci kan isa ga sifika. Tsofaffin masu nauyi kuwa kusan rabin wutar a zafi take tafiya. Batir mai lamba 100Ah da 12V yana riƙe da abin da zai ba da wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan irin mai ruwa ne bai kamata a ci fiye da rabi ba, in ana so ya daɗe. Na'ura mai cin wat 30 za ta yi awa 20 a kan wannan rabin, mai cin wat 150 kuwa awa 4 kawai, ga fitila da fanka da cajin waya suna jiran rabonsu.

Mai wutar NIGELEC ko janareta kuma ya duba an rubuta 220V zuwa 240V a bayan na'urar. Cikin kayan gwanjo akwai waɗanda aka yi wa Amurka masu 120V, ko Japan masu 100V, kuma da an jona su kai tsaye sai hayaƙi. Sitabilaiza tana da amfani inda wuta ke hawa da sauka. Yankin Gaya na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, don haka idan hadari ya taso da tsawa a cire waya daga bango. Da hunturu a riƙa kakkaɓe ƙura daga ramukan iska, kuma kada a lulluɓe ta da kyalle tana aiki.

A gaban mai shago

Idan da hali ku tafi da sifikarku, in ba hali ku rubuta lambobin da ke bayanta. Ku tafi da wayarku da karatu ko waƙar da kunnenku ya saba da ita. Ku sa a kunna a hankali tukuna, domin ƙara na ɓoye aibi. Ku saurari dama daban, hagu daban, ku murɗa kowane maɓalli ku ji ko yana ƙarƙara, sannan ku tsayar da waƙar ku ji ko akwai gurnani. A bar ta ta yi minti 15 tana aiki ku taɓa ku ji zafinta. Ku tambayi mai gyara na garinku ko yana samun kayanta, ku karɓi rasit, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida, da kuɗin da za a mayar muku, sefa ko naira.

Daga ƙarshe, a tuna da kunne da maƙwabta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya sauraron ƙara mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ta kai 90, awa 4 ne kawai. Idan sai kun ɗaga murya kafin na kusa da ku ya ji, ƙarar ta yi yawa, musamman ga jaririn da ke goye a baya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.