Hukuncin ɓata muhalli a ƙasar Adar

A Nijar, ɓata muhalli laifi ne da ake hukuntawa da tara ko ɗauri. Ginshiƙin tsarin shi ne doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin kare ƙasa, ruwa da iska. Dokar gandun daji ta zo a 2004, sai ta 2014 da ta haramta ƙera leda, shigo da ita da sayar da ita.

A Adar, daga Tawa zuwa Kalfu da Keita, laifin da aka fi sani shi ne sare itace ba izini, musamman gawo. Kariyar ta dace: gawo kan kaɗe ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya ƙara wa gona taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Ma'aikatan gandun daji ke kama mai laifi, kuma sau da yawa akan biya tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Amma inda manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, yakan tsare shi fiye da yadda tsoron tara zai sa shi.

Dokar leda ce ta fi rauni wajen aiki. Har yau leda na toshe magudanan ruwa a birnin Tawa, awaki na haɗiye ta su mutu, domin masu saye da sayarwa ba su sami madadinta mai araha ba.