Gundumar Ikilisiya da Gundumar Mulki

Karatu: Irmiya 29:4-7, 1 Bitrus 2:11-12

Yau za mu duba kalmar nan "parish" wadda 'yan'uwanmu na Angilikan da Katolika suke amfani da ita. Ma'anarta ita ce gundumar da take ƙarƙashin kiwon makiyayi ɗaya. Tushenta daga Helenanci yake, "paroikiya", wato zaman baƙunci a garin da ba naka ba. Da irin wannan kalma manzo Bitrus ya kira masu bi baƙi a duniya.

A ƙasar Ingila ta dā, gundumar ikilisiya ita ce kuma gundumar mulki. Dokar shekarar 1601 ta ɗora wa kowace gunduma nauyin ciyar da matalautan da ke cikinta, ana tara haraji domin haka. Sai a 1894 aka miƙa harkokin gari ga majalisa ta daban. Har wa yau jihar Luwiziyana ta Amurka tana kiran yankunan mulkinta 64 da wannan suna.

A nan wurinmu abin ya bambanta. Dodoru mazaɓa ce cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, a Jihar Kebbi wadda aka cire daga Sakkwato a 1991. Akwai hakimi, akwai masu unguwanni, akwai kansila. Mulki a hannunsu yake, Nassi kuwa ya umarce mu mu girmama su, mu yi musu addu'a.

To, ina iyakar gundumarmu? Inda masu bi ba su da yawa, akwai jarabar mu rufe ƙofa, mu ce ruwanmu da 'yan coci kaɗai. Amma Ubangiji ya umarci 'yan bauta a Babila su nemi zaman lafiyar birnin, gama nasu zaman lafiya yana haɗe da nasa. Rijiyar unguwa ɗaya ce. Zazzaɓi ba ya tambayar addinin yaro. Saboda haka gwauruwar da ke bayan gidanmu, ko Kirista ce ko Musulma, tana cikin gundumarmu. In an kira aikin gayya, kada a nemi masu bi a rasa.

Mu yi addu'a: Ya Uba, mu baƙi ne a duniya. Ka maishe mu albarka ga garin da ka zaunar da mu, cikin sunan Yesu. Amin.