Babur Mai Hanya Biyu: Ƙirarsa da Amfaninsa

Ni ɗan Kwoi ne, a Ƙaramar Hukumar Jaba, inda citta ce babbar dukiyarmu. Kwalta ta haɗa mu da Kafanchan, amma hanyar gona da damina taɓo ce da kwazazzabai. Wannan ne ya sa na yi sha'awar wani nau'in babur da aka ƙera don kwalta da daji baki ɗaya. Na kira shi babur mai hanya biyu.

Kamfanin Yamaha na Japan ne ya yayata irinsa da samfurin DT-1 a 1968. A cikin masu matsakaicin girma akwai Suzuki DR-Z400 wanda ya fito a 2000. Injinsa silinda ɗaya ce mai ƙarfin cc 398, kuma ruwa ke sanyaya shi.

Abu na farko da mai kallo zai lura da shi shi ne ƙafafu. Ta gaba inci 21 ce, ta baya kuwa 18. Babbar ƙafa tana haye rami ba tare da ta nutse ba, tayar kuma tana da manyan haƙora masu kama laka. Na biyu, cikinsa ya yi nisa da ƙasa da kusan santimita 30, don kada dutse ya fasa inji. Na uku, an ɗaga salansa sama saboda ƙetare rafi. Haka kuma yana da fitila da madubi da lamba, domin doka ta bar shi ya hau titi.

Sai dai Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Tsayin da ke ceton inji shi ne ke ɗaga wurin zama fiye da santimita 90, har gajere ya kasa dafa ƙasa. Wurin zaman kuma siriri ne, bai dace da buhun citta ba.

Shi ya sa manomanmu da 'yan acaba suka fi rungumar Bajaj Boxer, mai ƙaramin inji da dogon wurin zama, ga kayan gyara a ko'ina. Mai hanya biyu ya fi dacewa da malamin gona ko ma'aikacin lafiya, wanda dole ya isa ƙauye ko ana ruwa. Don haka kafin mutum ya kashe kuɗin cittarsa, ya tambayi kansa: kaya zan ɗauka, ko hanya zan ratsa?