Farashin ɗanyen mai da ragon Maraɗi

Makiyayin da ke kora tumakinsa daga Ɗan Isa ta Nijar zuwa Jibiya bai san inda ake yanka farashin ɗanyen mai a duniya ba, amma wannan farashin ne ke ƙayyade abin da zai koma da shi gida. Najeriya na samun mafi yawan kuɗin shigarta na waje daga mai. Da farashinsa ya karye a 2014, dala ta yi ƙaranci, tattalin arziki ya durƙushe a 2016, Naira ta zube. Ita kuwa Sefa, kuɗin Nijar, tana ɗaure da Yuro, ba ta motsa ba.

Sakamakon ya bayyana a teburin 'yan canji na Magama, a bakin iyakar Jibiya. Banijare ya sayar da ragonsa ko wakensa da Naira, ya je canji, sai ya tarar Sefar da ya samu ba ta kai ta bara ba. Wasu suka daina kawo dabbobi. Shi kuwa ɗan kasuwar Maraɗi mai Sefa a aljihu, gero da masara da siminti na Najeriya sun zame masa araha, sai motoci suka riƙa fita da kaya. Magidancin Katsina ya ga tiya ta tashi, ya ɗora laifin a kan 'yan fasa-ƙwauri. A ganina ba su ne tushen ba. Darajar kuɗi ce ta juya akalar kayan. Haka aka sake gani a 2023 bayan cire tallafin mai da sakin Naira, sai dai a wannan karon masu sayar da fetur a galan su ma sun ji jiki, domin ribar tsallakawa da shi ta ragu.

Maganin da gwamnatoci ke saurin ɗauka shi ne garƙame iyaka. An yi a 1984, zamanin mulkin Buhari, lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. An sake a Agustan 2019, kuma Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya kawo wani rufin har Maris 2024. Ciniki bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ya koma hanyoyin daji a kan babura, kuɗin dako da na shinge suka hau kan mai saye, 'yan dako da direbobi da masu tuwo-tuwo a bakin iyaka suka rasa abin yi, a yankin da 'yan bindiga suka riga suka hana noma.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai ratsa Jibiya. Zai rage kuɗin dako, amma ba zai hana makiyayi asara a wurin canji ba muddin Naira na rataye da mai kaɗai.